Shirun sa da shaidar akuya

A wani ƙauye kusa da Matankari na taɓa tsayawa kallon dandaƙar wani ɗan sa da ake son sa wa karkiyar huɗa. Maza huɗu suka kayar da shi, aka ɗaure ƙafafu, aka yi aikin. Bai yi kuka ba, sai numfashi mai ƙarfi da rawar cinya. Da aka kwance shi ya miƙe, ya tafi yana tsinkar ciyawa. Mai shi ya dube ni ya ce: «Ka gani, malam, bai ji komai ba.» Na rasa amsa a ranar, kuma tambayar ta zauna mini: da me ɗan Adam yake sanin abin da dabba ta ji?

Waɗanda suka yi lakkal cikinmu sun karanta Descartes, wanda ya ɗauki dabba a matsayin na'ura a littafinsa na 1637, sun kuma ji cewa Bentham ya mayar da zancen kan jin zafi a 1789. Amma ni amsar da ta fi gamsar da ni daga ɗakin tiyata ta fito, daga binciken banju, wato maganin da ake shaƙa wa majinyaci don hankalinsa ya gushe kafin a yanka.

Ƙwaƙwalwa maciya ce. A jikin mutum nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma tana shan kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. A lokacin lafiya jini yana bin buƙata: inda aiki ya yi yawa, can jijiyoyi ke buɗewa. Banjun shaƙa yana ɓata wannan daidaito. Halotan, wanda aka fara yi wa mutane aiki da shi a Ingila a 1956, da izofuluran da ya biyo bayansa, suna rage cin ƙwaƙwalwa, kuma a lokaci guda suna faɗaɗa jijiyoyinta. Idan aka ƙara yawan maganin, jini yana kwarara cikin gidan da masu shi suka yi barci. Halotan ya fi tsanani a nan. John Michenfelder da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka sun auna waɗannan abubuwa a jikin karnuka. A 1983 suka nuna cewa izofuluran mai yawa yana kwantar da motsin lantarkin ƙwaƙwalwar kare har layin awo ya miƙe, kuma daga nan cin oksijin ba ya ƙara raguwa, domin abin da ya saura shi ne ɗan abin da ƙwayoyin ke buƙata don su rayu.

Wannan ilimi ba na nesa ba ne. Ƙoƙon kai ba ya faɗaɗa. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi a kan babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, kansa ya kumbura ta ciki, idan aka ƙara masa jini a ƙwaƙwalwa matsi ne zai ƙaru. Likitan da ya san ya guje wa halotan a irin wannan hali, sashen saninsa daga karnukan nan ya zo, kuma ba su ne suka ci amfaninsa ba. Wannan bashi ne, ko mun ƙi ko mun so.

Sai dai abin da ya shafi mai sa na Matankari yana wani wuri. Tun 1963 Edmond Eger da abokin aikinsa suka kafa ma'aunin ƙarfin banju a kan kare: a matse masa wutsiya, a duba ko zai motsa. Motsi ya zama shaida, rashin motsi ya zama alamar magani ya kama. Shekara 30 bayan haka, a jami'ar Kalifoniya da ke Davis, Joseph Antognini da Kevin Schwartz suka ɗauki awaki, suka raba jinin kai da na gangar jiki da na'ura. Da maganin yana zagaya jiki duka, izofuluran kashi 1,2 cikin 100 ya isa hana akuya motsi. Da aka kai shi ga ƙwaƙwalwa kaɗai, sai da aka kai kashi 2,9. Ma'ana, hana motsi galibi aikin laka ne, igiyar da ke cikin ƙashin baya. Gushewar hankali kuwa aikin ƙwaƙwalwa ne. Abu biyu ne, kowanne da mazauninsa.

Idan masu na'ura sun yi shekara 30 suna karanta laka suna zaton ƙwaƙwalwa suke karantawa, ina ga wanda ya dogara da ido a bakin garke? Motsi da shiru ba su faɗin abin da ke cikin kai. Ƙari a kan haka, sa da rago da akuya dabbobi ne da kura ke farauta tun asali, kuma wanda ya nuna rauni cikin garke shi ake fara ci. Ɓoye ciwo dabi'arsu ce. Jakin amalanke da ke hawa tudu da gyambo ƙarƙashin siddi ya fi su duka iya shiru.

Na san abin da za a ce mini, kuma an faɗa mini shi a taron malamai. A ƙasar da mace mai naƙuda daga ƙauyukan Geceme ko Dumega take shan doguwar tafiya kafin ta kai ɗakin tiyata, zancen zafin ɗan sa wasan ƙoshi ne. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Da a ce na'urar banju ɗaya ce za a saya wa Arewa, ni ma ga matar zan kai ta. Amma ba wanda ke neman na'ura don sa. Masu tuƙa ma ba su dace da banjun shaƙa ba: tumbi yana kumbura, abinci yana komowa ya shiga huhu, shi ya sa likitocin dabbobi suka fi son allurar kashe wuri, irin lidokayin, mai araha, wadda ba ta rage wa asibiti komai. Dandaƙa tun dabba tana ƙarama ita ma tana rage ciwo, kuma ba ta cin ko dala. Uzurin talauci ya ɗauke mana na'ura, bai ɗauke waɗannan ba.

Kuma ba baƙon tunani ake shigo mana da shi ba. Mahaucin Dogondutsi yana wasa wuƙa kafin yanka, yana kauce wa yanka dabba a gaban ƴar'uwarta, domin haka addini ya koya masa. Wanda ya yi haka ya riga ya yarda akwai mai ji a cikin fatar nan. Abin mamaki shi ne tausayin namu ya taru a ranar yanka, inda wahalar ba ta da tsawo, ya bar ranar dandaƙa da ta lalas, inda ciwo ke kwana da kwanaki.

Allurar ma ba ta gama magana ba. Ƙarfinta awa ɗaya ne ko biyu, kumburin kuwa yana daɗewa. Ɗan san nan na Matankari, da na koma bayan kwana uku, na tarar da shi tsaye a inuwar gawo, ƙafafun baya a buɗe, bai bi garke kiwo ba. Mai shi ya ce ƙiwuya ce.