Shin Kowane Yunƙuri ne Jarumtaka?

Tun muna yara ake koya mana cewa namiji ba ya zama cikin wahala, sai ya yunƙura. Magana ce mai kyau, amma ya kamata mu tambayi kanmu: shin kowane yunƙuri ne ke fitar da mutum? Bari mu nemi amsa a bakin kogi.

Makiyaya da masunta da masu ɗibar yashi a Kogin Kano, tun daga dajin Falgore a ƙasar Doguwa da Tudun Wada har zuwa madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, wadda aka kammala a 1974, sun san ba kowane yashi ake takawa gaba gaɗi ba. Haka ma a rafukan Kiru. Idan ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashi, sai ya shiga tsakanin ƙwayoyin yashi ya raba su, su daina riƙe juna. Samansa kamar tudu, amma da an ɗora ƙafa sai ya narke, mutum ya zurma.

A 2005 wani masani mai suna Daniel Bonn da abokan aikinsa a Jami'ar Amsterdam suka nuna cewa irin wannan yashi ya kusa ninka jikin mutum nauyi, don haka ba ya haɗiye shi ɗungurungum, galibi iyakarsa ƙugu. Amma bayan an zurma, yashin yakan cure a ƙafa, har fizge ta ya bukaci ƙarfi kamar na ɗaga mota. Abin da ke kisa shi ne gajiya, da zafin rana, da ruwan da kan taso bagatatan da damina.

To, yaya ake fita? A yar da kaya, a kishingiɗa da baya don jiki ya bazu, a riƙa motsa ƙafa sannu a hankali har ruwa ya sassauta yashin, sannan a ja jiki zuwa tudu. Mai ceto kuwa kada ya faɗa ciki ko ya fizga da ƙarfi. Ya miƙa sanda ko ya shimfiɗa katako.

Jama'a, wannan ai hoton rayuwarmu ne. Manomin da ya ci bashin taki, masara ba ta yi ba, sai ya ciwo wani bashin ya biya na farko. Wanda ya yi ƙarya guda, sai ya ƙara uku don ya rufe ta. Dukansu suna yunƙuri, amma kowane yunƙuri ƙasa yake kai su. Zafin nema ba ya kawo samu.

Wani zai ce, ke nan a naɗe hannu? A'a. Wanda ya tsaya cik cikin yashi, ruwa zai cim masa. Haƙurin da muke nufi aiki ne mai wuya: mutum ya yarda ya kafe, ya sauke girman kai kamar yadda ake yar da kaya, ya kwanta cikin laka a gaban mutane, ya karɓi sandar da aka miƙa masa. Da yawanmu mun gwammace mu nutse a tsaye da a gan mu a kwance. A nan ne ya kamata mu sake auna wanda muke kira jarumi.