Littafin Jabu A Jakar Ɗan Yayata: Laifin Wa?

Masu bin wannan shafi sun san yadda na sha ɗaga murya a kan satar fasaha. Kullum ina cewa wanda ya kwafi fim ɗin wani ya sayar ya ci gumin furodusa da 'yan wasa. To, kwanan baya da na je gida Daura sai aka ɗaure ni da igiyata.

Yayata ce ta miƙo mini littafin lissafin ɗanta da ke aji biyu na ƙaramar sakandare. Takarda shara-shara, rubutu dishi-dishi, wasu shafukan a karkace. Na ce, "Yaya, ai wannan na jabu ne." Ta harare ni ta ce, "To, sarkin fim, 'ya'ya huɗu gare ni a makaranta. Kuɗin na gaske ɗaya ya saya mini irin wannan biyu. In bar yaro ya tafi aji hannu rabbana?"

Wallahi bakina ya mutu. Shin Yaya ta yi laifi?

Sata dai sata ce. Marubucin littafin makaranta ya yi gumi kamar darakta. Kamfani irin NNPC na Zariya, wanda tun 1966 yake buga mana littattafan Hausa, in ana kwafe masa kaya, da me zai buga na gaba? Ɗan garinmu ma, marigayi Muhammadu Buhari, shi ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. Ba zan halatta a littafi abin da na haramta a fim ba.

Amma fa fim da littafin makaranta ba ɗaya ba ne. In ba ka kalli fim ba, nishaɗi ka rasa. In yaro ba shi da littafi, jarrabawa zai faɗi. Kuma mai injin buga jabu riba yake nema, ita kuwa uwa mafita take nema. Kada a auna su da mudu ɗaya.

Sannan me ya kai Yaya kasuwa tun farko? Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma dole, har ta lissafa littattafai cikin abin da za a bayar. Inda littafin bai iso ba, an bar iyaye da kasuwa, kasuwa kuwa ba ta san sabo ba. Masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun kasa riƙe ƙasar, sai an shigo da takarda da dala. Da naira ta faɗi a 2023, kuɗin littafi ya bi sama.

Akwai kuma ɗabi'ar wasu makarantu ta canza littafi kowace shekara, ko zaɓen wanda ake rubuta amsa a cikinsa. Da can littafi gado ne, wa ya gama ya miƙa wa ƙani. Yanzu an kashe wannan gadon.

Saboda haka, a ganina laifin hawa-hawa ne. Mai buga jabu na sama, sai wanda aka ɗora wa amanar kai littafi aji bai kai ba, sai makarantar da ta mai da littafi haja. Yaya ce a can ƙasa, in ma har za a sa ta. Kuma ku tuna, a ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa akwai yaron da ko jabun bai samu ba.

Maganin jabu shi ne na gaske ya sauko inda hannun talaka zai kai. Hukuma ta cika alkawarin doka. Makarantu su tsaya a kan littafi ɗaya na 'yan shekaru. Mu kuma da muka gama, mu kwashe tsofaffin littattafanmu daga ƙarƙashin gado mu kai makarantun da suka raine mu.

Kafin in dawo na saya wa yaron na gaske. Yaya ta yi godiya, sannan ta ce, "Saura uku."