Baba Ba Zai Faɗa Maka da Bakinsa Ba

Ɗana, matso kusa ka zauna. Ba faɗa na kira ka in yi maka ba. Ni da mahaifinka mun fi shekara 30 muna haɗa sahu a Babban Masallacin Zongo, in na ga abu na yi shiru, na ci amanar zama tare.

Na san kana ƙoƙari. Duk ƙarshen wata kana turo jika 50 ta waya, Allah ya saka maka. Amma yaushe rabonka da ka sa hannu a kwano ɗaya da shi? Kana kira, ya ce lafiya lau, kai kuma ka koma harkar motocinka a tashar jiragen ruwa hankali kwance. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauke albasar Galmi a kasuwar Dantokpa don ya ciyar da ku, ba zai buɗe baki ya ce wa ɗan cikinsa ya gaza ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Bari in gaya maka abin da na gani. Babbar rigar da ka ɗinka masa da Sallah yanzu rataye take a jikinsa. Maganin hawan jinin da aka rubuta masa yana nan kan taga, ko rabi bai sha ba. In ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Juma'ar da ta wuce kuwa, wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa, mai rawayar riga ne ya tsince shi wajen unguwar Jonquet yana ta waige-waige, ya kasa gane hanyar gidan da ya gina da hannunsa.

Kada ka ce ai tsufa ne kawai, kada kuma ka bari a ce iska ce. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido da raunin ji duk suna da magani ko abin da zai sassauta su, yawan mantuwa ma likita ke duba ta. Ka kai shi da kanka, ko asibitin unguwa ko babban asibitin Hubert Maga, ka riƙe takardunsa. Ranar da ka ga bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe, kada a jira gari ya waye.

A gida, a sa kujera da fitila a banɗaki. Damina in ta kankama a watan Yuni tsakar gidan nan santsi take yi, ƙashin tsoho kuwa in ya karye da wuya ya ɗore. A rubuta lambar wayarka a sa masa a aljihu. Ku raba kwana da 'yan'uwanka, kada a jibge wa matarka ita kaɗai, ita ma tana gajiya.

Sannan kada ka mai da shi yaro. Ka nemi shawararsa, ka bar masa kuɗin sadakarsa a hannu, ka raka shi masallaci ko da tafiyar za ta ci rabin awa. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah ya ambaci lokacin da tsufa ya riski iyaye a wurinka, ya hana ko da tsaki.

Tashi ka shiga, yana zaure. Yau ku ci tuwon dare tare. Allah ya yi maka albarka.