Duba Jirgin Ruwa Kafin Saye: Rashin Tawakkali Ne?

A bakin kogin Kwara, kamar a Yawuri ko Lakwaja, akan sami mai sayar da jirgin ruwa ya fusata don mai saye ya zo da masassaƙi ya ƙwanƙwasa katako, ya duba ƙusoshi da inji. Sai ya ce an tuhume shi, kuma wai mai sayen bai dogara ga Allah ba. To, shin wannan magana tana da gindi a Shari'a?

Ba ta da shi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi bisa algus. Ashe binciken haja ba cin mutunci ba ne. Tawakkali kuwa yana zuwa ne bayan riƙo da sababi, kamar yadda aka umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna.

Malaman Malikiyya sun ƙara wa zancen haske. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani dalla-dalla, ba a dunƙule ba. Wanda ya shafe ruɓaɓɓen katako da fenti ya yi ha'inci, mai saye kuma yana da zaɓin mayar masa da jirginsa. Haka hukuncin yake ga wanda ya ɓoye wa banki ko kamfanin takaful aibi, da mai dubawa da ya karɓi toshiya ya sa hannu.

Amma aibin jirgi ya fi na hatsi nauyi, domin ba aljihun mai saye kaɗai yake cuta ba. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya dare a kusa da Wara, cikin Jihar Kebbi, mutane da yawa suka halaka, galibinsu talakawa masu neman abinci. Fasinja ba ya cikin ciniki, amma shi ke biyan bashin ha'inci da ransa.

Saboda haka duba jirgi ba haƙƙin mai saye ba ne kurum, har ya yafe shi don kunya. Amana ce ta waɗanda za su hau. Wanda ya bar ta da gangan, kada ya fake da ƙaddara.

Allah Ya tsare bayinSa a tudu da ruwa, amin.