Wa Ke Da Ikon Cewa "Mun Yafe"?

Duk direban da ya taɓa kaɗe mutum har rai ya yi halinsa, in dai Musulmi ne, ya san akwai azumin wata biyu a jere a wuyansa. Ko bai yi karatu ba ya san wannan. Ana yi wa malamai tambaya a rediyo da wajen tafsirin watan azumi: mutum biyu na kaɗe, azumi nawa ke kaina? Idan ciwo ya katse ni, sai na faro daga farko? Abin da ban cika jin an tambaya ba shi ne ɗaya ɓangaren hukuncin, wato diyyar da za a miƙa wa iyalan mamaci. Alhali aya guda ce ta zo da su duka biyun, ta 92 a Suratun Nisa'i. Mun riƙe haƙƙin Allah da hannu biyu, Shi da ba Ya bukatar komai daga gare mu, mun saki haƙƙin yaran da ke jiran tuwon dare.

A Rijiyar Zaki na tashi, lokacin da gonakin dawa da gyaɗa suka fi gidaje yawa. Yanzu birni ya cim mana. Titin Gwarzo ba ya hutawa: tifofin yashi masu kai wa magina, manyan motocin kaya, adaidaita sahu, ga ɗaliban sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Manomin da ya saba tura kekensa a gefen hanya yana nan yana turawa, sai dai hanyar ce ta canja masa. Wani maƙwabcinmu mai noman lambu, ba zan faɗi sunansa ba, haka wata tifa ta bi ta kansa da asuba yana kai kayan miya kasuwa. Ya bar mata ɗaya, da tsohuwar mahaifiya, da yara huɗu, babbansu bai balaga ba.

Ranar sadakar uku mai motar ya zo da dattawa, da buhun shinkafa da 'yan kuɗi a ambulan. An yi addu'a, aka ce ƙaddara ce, wa'adi ne ya cika. Sai yayan mamacin ya gyara zama a kan tabarma ya ce, "Mun yafe duniya da lahira, mu ba ma cin kuɗin jini." Zaure ya ɗauki kabbara, aka yi ta sa masa albarka. Matar tana cikin gida tana takaba, babu wanda ya leƙa ya ji ta bakinta. Kafin damina biyu babban yaron ya bar makaranta ya koma ɗaukar bulo a wajen gini.

Ba na zargin yayan nan da mugun nufi. Na san shi, mutumin kirki ne, kuma abin da ya gada ya yi. Tambayata ita ce: abin da ya yafe, nasa ne?

Diyyar kisan kuskure dukiya ce ta magada, ana raba ta kamar yadda ake raba gona da gida. A gidan da nake magana, in aka kasa ta kashi 24, matar tana da 3, wato tumuni, mahaifiya tana da 4, wato sudusi, ragowar 17 na yaran ne. Ɗan'uwa ba ya gado matuƙar mamaci ya bar ɗa namiji. Ashe wanda ya yi magana a zauren ba shi da ko sisi a cikin abin da ya kyautar. Ayar ta buɗe ƙofar yafewa, ta ɗauke ta a matsayin sadaka daga iyalan mamaci, kuma kowa ya san ba a yin sadaka da kayan wani. Matar tana iya yafe tumuninta in ta ga dama. Tsohuwa tana iya yafe nata. Amma rabon yaro ƙarami, malaman fiƙihu ba su ba waliyyi damar zubar da shi a banza ba, domin an ɗora shi a kan dukiyar maraya ne ya tsare ta, ba ya nemi lada ko yabon jama'a da ita ba. Mu da muke jin tsoron taɓa akuyar maraya, mun iya watsar masa da dukiya mai yawa cikin jimla ɗaya, mu tashi muna jin mun yi ibada.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ƙaddara, da cewa ai direba bai yi da gangan ba. To ai don wanda bai yi da gangan ba aka shar'anta wannan diyya tun farko. Mai ganganci hukuncinsa daban ne. Wanda Ya ƙaddara mutuwar Shi ne Ya wajabta biyan, babu karo tsakanin yarda da hukuncinSa na farko da karɓar na biyu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajiran zaure suke karantawa a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ya ɗora lamuni a kan mai hawan dabba da mai jan ta da mai kora ta idan ta taka wani. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1993 a Brunei, ta bi wannan hanya a kan haɗarin mota: direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai dai in abin ya fi ƙarfinsa ko kuma laifin na wanda aka kaɗe ne. Saboda haka akwai bincike. Ba kowane haɗari ne ke wajabta diyya ba, amma ba a gane wanda ya wajabta a zaman makoki, kwana uku da binne mutum, idanu cike da hawaye.

Akwai wata hujja da ta fi wannan nauyi, kuma ina girmama ta. Diyya cikakkiya raƙumi 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinari dubu ya haura kilo huɗu na zinariya, a kuɗin yau ya wuce naira miliyan ɗari nesa ba kusa ba. Direban tifa da ake biya kullum-kullum ina zai samo? Ko an sayar da shi da gidansu ba za a haɗa ba. Mutanenmu suna duban wannan sai su ce, mun rasa namu, me ya sa za mu rusa gidan wani? Wannan tausayi ne na gaskiya, kuma shi ya riƙe zaman ƙauyukanmu shekara da shekaru, inda mai laifi da mai haƙƙi suke sahu ɗaya a masallaci.

Sai dai shari'a ta riga mu ganin wannan matsala. Ba ta ɗora diyyar kuskure a kan mutum ɗaya ba. Ta ɗora ta a kan aƙila, wato dangin mai laifin ta wajen uba, kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, a biya cikin shekara uku. A zamanin Sayyidina Umar, da aka kafa diwani, mutanen da ke cikin rajista ɗaya su ma sun zama masu ɗaukar wa juna wannan nauyi. Manufar a fili take: kada maraya ya tashi a tutar babu, kada kuma mai kuskure ya talauce. Mu sai muka bar aƙila ta mutu, muka ce tunda mutum ɗaya ba zai iya ba, a bar maganar gaba ɗaya. Direbobi suna da ƙungiya, suna biyan kuɗin tikiti kullum a tasha. Masu tifofi suna da tasu. Me zai hana a ware wani abu daga ciki don irin wannan rana? Ga kuma inshorar da doka ta wajabta wa kowace mota tun zamanin Turawa, wadda aka yi ta musamman don wanda motar ta ji wa rauni ko ta kashe. Daga Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga ƙaramar motar gida. Yawancinmu mun ɗauke ta takardar nuna wa ɗan sanda a shinge, shi ya sa ake sayen ta bogi ba tare da damuwa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar kasuwa ba, akwai takaful da aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci. Bayan haka, ƙofar sulhu a buɗe take: magada baligai suna iya karɓar ƙasa da cikakkiyar diyya, alƙali kuma ya duba maslahar yara. Tsakanin miliyoyin da ba za a iya biya ba da buhun shinkafa guda akwai fili mai faɗi, kuɗin makaranta ne, jari ne ga uwar marayu, abinci ne duk wata.

Abin da ke sa ni shakkar cewa tawakkali ne kaɗai ke rufe mana baki shi ne abin da ya faru a Kano bayan annobar sanƙarau ta 1996. Kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana, cikin gwajin da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun kai ƙara har Amurka, gwamnatin jiha ta shigar da tata a 2007, aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 a 2009, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu bayan gwajin ƙwayoyin halitta na tabbatar da dangantaka. Shekara goma sha biyar ana bin haƙƙi. Ban ji wanda ya hau mumbari ya kira waɗannan iyaye marasa haƙuri ko masu cin kuɗin jini ba. Duk gari yana bayansu. To ran mai lambu da tifa ta murƙushe bai kai na waɗancan yara ba ne? Bambancin da nake gani shi ne, wancan baƙo ne na nesa, wannan kuwa alhaji ne da muke jin nauyinsa, ko muke tsoronsa, ko muke sa ran wata alfarma daga wajensa gobe. Sau da yawa kunya ce da tsoro da rashin sanin inda za a dosa muke sa wa sunan haƙuri. Mai yafewa na gaskiya shi ne wanda ya san abin da yake da shi, yana da hanyar karɓa, sannan ya ce ya bari don Allah. Wannan ladansa ba ya misaltuwa, kuma na ga matan da suka yi hakan da bakinsu, ba wanda ya tilasta su.

Hanyar karɓar ma tana nan, ko da ba ta da santsi. Kotunan shari'a suna sauraron maganar diyya da gado. Hukumar Hisbah tana zaman sulhu. Hukumar ba da tallafin lauya ga marasa ƙarfi ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana da ofishi a Kano, haka ma hukumar karɓar koke-koken jama'a da aka kafa a 1975, wadda marigayi Ɗan Masanin Kano Yusuf Maitama Sule ya taɓa jagoranta. Na san ana jan ƙafa, na san kuɗin mota zuwa cikin gari ma wani abu ne ga matar da ba ta da mai nema mata. Shi ya sa aikin ya fi kusa da liman da mai unguwa, domin su ake fara kira.

Roƙona gare su kaɗan ne. Idan masu mota suka zo gaisuwa, a karɓi gaisuwarsu da mutunci, a rubuta lambar motar da sunan mai ita da kamfanin inshorarsa, amma kada a bar kowa ya furta yafiya a ranar. A jira matar ta gama takabarta, wata huɗu da kwana goma, hankalinta ya dawo jikinta. Sannan malami ya zauna da magada ya gaya wa kowa rabonsa a fili, a tambayi mata kamar yadda za a tambayi maza. Wanda ya yafe nasa a sa masa albarka. Rabon yaran da ba su balaga ba kuwa a kai shi gaban alƙali, ya yanke abin da za a biya da lokacin biya, ya kuma naɗa wanda zai riƙe musu.