Tsarki da Zumunta a Addinin Lakota

Al'ummar Lakota, waɗanda suke cikin 'yan asalin Amurka ta Arewa kuma yawancinsu suke zaune a jihohin Dakota ta Kudu da Dakota ta Arewa, suna kiran duk abin da yake ɗauke da ƙarfin da ya gagari hankalin ɗan Adam da suna wakan, sannan suna kiran jimillar wannan ƙarfi Wakan Tanka. 'Yan mishan sun ɗauki wannan suna a matsayin Ubangiji guda mai zaman kansa, amma bayanan da likita James Walker ya tattara daga bakin dattawan Oglala, wani reshe na Lakota, a yankin Pine Ridge tsakanin 1896 da 1914, sun ambaci ikoki 16, daga ciki akwai Inyan wato dutse, da Maka wato ƙasa, da Wi wato rana, da Skan wanda yake motsa duk abin da ke motsi, kowanne da halinsa, alhali ana ɗaukarsu abu ɗaya ne. Wasu masana suna ganin Walker ya tsara lissafin fiye da yadda dattawan suka faɗa, sai dai hakan bai rushe tushen maganar ba, cewa tsarki a wurin Lakota yana cikin duniyar nan, a jikin abubuwan da ido yake gani.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne cewa alaƙar mutum da wannan tsarki alaƙar dangi ce. Mai addu'a yana kiran Wakan Tanka da Tunkashila, wato kaka, yana kuma lissafa dabbobi da tsirrai da duwatsu cikin 'yan uwansa, kuma lofen tsarki da al'adarsu ta ce wata mace mai alaƙa da farar bauna ce ta kawo musu, aikinsa shi ne ƙulla wannan zumunta duk lokacin da hayaƙinsa ya tashi. Zumunta kuwa tana ɗora wa mutum nauyi, domin ɗan uwa yana da haƙƙin da ba a saye ko sayarwa.

Da wannan ne ake fahimtar rikicin tsaunukan He Sapa, waɗanda yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar wa Lakota, gwamnatin Amurka kuma ta ƙwace su a 1877 bayan an gano zinariya a cikinsu. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da diyyar fiye da dala miliyan 100, amma Lakota da sauran danginsu suka ƙi karɓa, ko da yake yankunansu suna cikin mafi talauci a ƙasar, domin karɓar kuɗin tamkar amincewa ce cewa an sayar da tsaunukan. Kuɗin suna nan a ajiye suna tara ruwa har sun haura dala biliyan 1, masu ƙasar kuwa har yanzu ƙasarsu suke nema a mayar musu.