Ruwan Batir Da Amanar Yaron Shago

  

Duk wanda ya bi hanyar Dutsin-ma daga birnin Katsina zuwa Batagarawa zai ga rumfunan makanikai da masu cajin batir a bakin titi, kuma sau da yawa yara 'yan koyo ne ke ɗawainiya da ruwan batir, ba safar hannu, ba abin kare ido. Alhali kuwa wannan ruwa asid ne mai suna salfurik, wanda aka sirka da ruwa, shi asid ɗin wajen kashi ɗaya cikin uku. Yana huda tufa, yana cin fata, idan kuwa ya fantsama a ido yana iya makantarwa. Batir da ke kan caji kuma yana fitar da wata iska mai kama wuta, har tartsatsi ko wutar sigari kan sa ya fashe.

To, idan haɗari ya auku, sai a ji maigida ya ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da hukuncin Allah, amma wannan magana ba ta kuɓutar da wanda ya yi sakaci. Aya ta 195 cikin Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, ina kuma ga jefa ɗan wani? Imamu Malik ya kawo hadisi cikin Muwaɗɗa wanda ya haramta cuta da cutarwa. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ji annoba ta ɓarke a ƙasar Sham, komawa ya yi da jama'arsa, ya kuma nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. Uban da ya kai ɗansa shago amana ya danƙa, kuma maigida makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Kuɗin safar roba da tabarau kuwa bai kai na jinyar ido ɗaya ba.

Akwai kuma cutar da ba ta nuna kanta da wuri, wato ta dalmar da ke cikin batir. A shekarar 1431 ta Hijira, wato 2010, dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje. Ita ce dai wannan dalma da yaron shago ke taɓawa idan ya fasa tsohon batir, sa'an nan ya ci abinci bai wanke hannu ba.

Saboda haka wajibi ne maigida ya koyar, ya kuma tsare. Idan za a sirka, asid ake zubawa a hankali cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid, domin yakan tafasa ya fantsama. Kada a adana shi a kwalbar lemo ko gorar ruwan sha, musamman inda ƙananan yara ke kai-komo. Wanda ya zubo wa a jiki ko a ido, a tuɓe masa tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 20, ba man shanu ba, ba manja ba, sa'an nan a garzaya da shi asibiti. Wanda ya haɗiya kuwa kada a sa shi amai, gama asid ɗin zai sake ƙona maƙogwaro a kan hanyarsa ta fitowa.